Yadda muka tashi Goggo daga barcin shekara bakwai

A bayan gidan kawunmu a Gaya, tsakanin rumbun gero da wata tsohuwar darbejiya, akwai wani tarin ƙarfe da muka taso muna hawa muna wasan mota a kansa. Kaji sun mayar da ƙarƙashinsa wurin saka ƙwai. Matan gida kuma suna shanya tsumma a kan dogayen hannuwansa biyu masu kama da ƙahon bijimi. Sai da muka yi wayo sannan muka gane cewa abin nan tantan ce, irin ƙaramar nan mai taya biyu da ake bin ta a baya ana riƙe da ita, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa tila.

Kawu da abokansa na ƙungiyar manoma ne suka haɗa kuɗi suka saye ta. Ta yi damina biyu tana aiki, ran nan ta yi tari ta mutu a tsakiyar gona. Aka jawo ta da shanu zuwa gida. Wannan ya ce wancan ne ya yi aiki da ita na ƙarshe, wancan ya ce ai tun kafin ya karɓa tana hayaƙi. Babu wanda ya yarda ya fara fitar da kuɗin gyara. Tana nan ajiye har shekara bakwai.

Mu biyar ne muka taru a kanta. Biyu muna karatu a jami'ar Wudil, ɗaya yaron mai walda ne a bakin tasha, ɗaya ɗan Ajingi ne da ke aji biyu na babbar sakandare, sai ƙanwarmu da ke shirin jarrabawar fita. Gara mu faɗa muku gaskiya tun yanzu: ba kishin noma ne ya kai mu ba, ba kuma neman kuɗi ba. Musu ne. Wani cikinmu ya ce injin nan ya mutu har abada, wani ya ce in an ba shi wata guda zai tayar da shi. Muka je wurin Kawu.

"Kawu, muna neman izini mu kwance tantan ɗin nan."

Ya dube mu ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Ku kwance mana, 'ya'yan nan. Amma duk notin da kuka cire ku san ramin da ya fito. In kun gaji ku tara mini ƙarfen wuri ɗaya, 'yan gwangwan sun daɗe suna zawarcinta."

A ranar muka raɗa mata suna Goggo, saboda ta girme mu a gidan, kuma ba ta motsi sai an lallashe ta.

Mutanen Gaya da ƙarfe ba yau aka fara ba. Labarin da ake bayarwa tun kaka da kakanni shi ne, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, waɗanda ake kira Abagayawa, daga Gaya suka tashi suna neman tama, kuma sunan jagoransu Kano. Ba mu ce wannan ya sa muka iya riƙe sifana ba. Amma duk lokacin da noti ya ƙi kwancewa muka fara gunaguni, sai ɗan Ajingin nan ya tuna mana da shi, don tsokana.

Abin da ke cikin cikinta

Injin Goggo mai silinda ɗaya ne, ƙirar ƙasar Sin, mai shan dizal, wanda muke kira gas. Kun san shi ko ba ku san sunansa ba, domin 'yan'uwansa ne ke ƙara a gidajen niƙa na unguwanninku. A jikinsa an buga S195. Wani tsohon bakanike da muka riƙa kai wa ƙara, wanda muke kira Baba, shi ya warware mana lambar. Ɗayan farko na nufin silinda ɗaya. Sauran, wato 95, faɗin ramin silindar ne a milimita. Saboda haka 175 ƙanensa ne mai rami milimita 75, 1115 kuma wansa ne mai milimita 115. Ƙarfin namu ya kai doki 12, yana juyawa wajen sau 2,000 a minti ɗaya.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne babu fulogi. Wanda ya saba da babur zai yi ta nema. Injin gas ba ya buƙatar tartsatsi. Fistin ya sauka ya shaƙi iska zalla, ya hau ya matse ta a ɗan ƙaramin wuri, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na inda take a da. Iskar da aka matse haka zafinta kan haura digiri 500. A daidai wannan lokacin nozul ke fesa gas kamar hazo, sai ya kama da kansa, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi. Shaƙa, matsa, ƙonewa, fitarwa. In kun taɓa hura tayar keke kuka ji gindin famfon ya yi zafi a hannunku, to kun riga kun ga rabin darasin. Ƙanwarmu ta ce ta haddace wannan a ajin Fiziks tun bara, amma sai ranar da ta leƙa ramin silinda da tocila ta yarda cewa da gaske ne.

Ba shi da lagireto. A samansa akwai wata buɗaɗɗiyar tukunya da ake cika wa ruwa, ruwan ya yi ta tafasa yana tafiya da zafin. Ba shi da batir, ba shi da makulli. Da hannu ake murza shi da handul. A gefensa akwai fulawil, wani faifan ƙarfe mai nauyin gaske, shi ke ɗaukar ƙarfin bugu ɗaya ya raka fistin har bugu na gaba. Duka injin, in ka cire 'yan ƙananan kaya, mutum zai iya lissafa sassansa a shafi ɗaya na littafi. Wannan ya sa ya dace da masu koyo.

Da muka sa handul, ko motsi bai yi ba. Ruwan sama ya bi ta salansa ya shiga, tsatsa ta riƙe fistin gam. Muka cire kan injin, muka zuba gas gauraye da baƙin mai a ramin, muka rufe da leda. Kullum da yamma sai a ƙara, a ɗora guntun katako a kan fistin a ɗan bubbuga. Baba ya gargaɗe mu kada guduma ta taɓa ƙarfen kai tsaye. Kwana tara muna wannan. A rana ta goma fulawil ya gusa kamar faɗin yatsa, muka yi ihu har Inna ta leƙo ta katanga tana tambayar ko kunama ce.

Abin da ya kashe ta

Nan ne muka ga abin da ya fi komai tsaya mana a rai. Muna zaton za mu tarar da wani babban abu ya karye. Babu. Abin da ya kashe Goggo ƙura ce.

Matatar iskar irin wannan inji kwano ne da ake zuba wa ɗan baƙin mai a gindi. Iska ta shigo ta bugi man, ƙurar ta maƙale, iska mai tsabta ta wuce. Da muka buɗe kwanon, babu ɗigon mai, sai busasshen taɓo da ya taurare kamar tubali. Ma'ana ta daɗe tana shaƙar rairayin gonakinmu kai tsaye. Ƙasarmu ta Gaya da Ajingi yawanci jigawa ce, kuma rairayi in ya shiga tsakanin ringi da bangon silinda aikin sanfefa yake yi. Ringin suka cinye, matsin iska ya ragu, injin ya fara wahalar tashi, ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi. Man da muka tsiyaye daga cikinsa kuwa ya yi kauri kamar kwalta. Kawu da kansa ya amsa cewa bai tuna ranar da aka taɓa juye shi ba, ƙari kawai ake yi in ya ragu.

Tankin gas ma da labarinsa. A gindinsa akwai ruwa da tsatsa da wani abu mai kama da dusa. Nozul da famfon gas sassa ne da aka ƙera da matsi ƙwarai, ƙwayar rairayi ɗaya na iya ɓata su. Wanda ke sayen gas a galan ɗin da ba a wanke ba, ya juye ba tare da tacewa ba, yana kashe injinsa a hankali da hannunsa.

Tun daga ranar muka daina cewa tsufa ne ke kashe injinan da muke gani a yashe a harabobin ofisoshi da bayan gidaje. Mun leƙa wasu daga cikinsu bayan nan. Sau da yawa labarin ɗaya ne: abu na mutane da yawa, kowa na hawa, babu mai duba mai, babu mai rubuta komai.

Saboda haka kafin mu sayi ko noti ɗaya, ƙanwarmu ta sayo littafi mai shafi 80 ta ja layi. Kwanan wata, wanda ya yi aiki, awa nawa, gas nawa aka zuba, me aka canja, nawa aka kashe. Muka kafa asusu, duk Juma'a kowa ya kawo abin da ya samu, ko na kati ne ya haƙura da shi. Da farko mun yi mata dariya, muna kiranta Akanta Janar. Yanzu babu mai taɓa handul sai ya sa hannu a littafinta, kuma ba ta da sassauci ko ga yayyenta.

Zuwa Ƙofar Ruwa sau biyu

Daga Gaya zuwa Kano ta Wudil tafiyar kilomita 60 da 'yan kai ce. Mu biyu muka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da jerin abin da muke nema: ringi, hannun rigar silinda da makanikai ke kira silif, gaskit, bakin nozul da matatar gas. Muka yi ciniki, muka dawo muna taƙama. Da aka zo sawa, ringin suka yi yawa. Na injin 1100 muka ɗauko, mai milimita 100. Laifinmu ne, domin mai shagon ya tambaye mu lamba muka ce ai duk ɗaya ne. Milimita biyar ta ci mana kuɗin mota na zuwa da dawowa da yini guda.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaro, in za ka kasuwa ka tafi da gawar a aljihunka." Wato ka ɗauki tsohon abin da ka cire, ka ɗora shi a kan sabon ka gani da idonka.

Haɗawa ta ɗauke mu Asabar uku. Mun koyi cewa ba a jera bakin ringi a layi ɗaya, ana karkasa su don kada iska ta sami hanya. Mun koyi cewa notocin kan inji ba a ɗaure ɗaya tamau a koma na gaba, ana bin su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su yi daidai. Mun koyi saita bawul da wani siririn ma'auni mai kama da reza, tazarar ba ta kai rabin milimita ba, amma in ta ɓace injin ba zai yi ƙarfi ba. Sai fitar da iska daga bututun gas, a sassauta noti a bar kumfa ta gama fita. Dabara ɗaya da ta cece mu: kafin a cire komai sai an ɗauki hotonsa da waya, kuma kowane rukunin noti da gwangwanin madararsa.

Ranar tayarwa yaron mai walda ne ya riƙe handul, domin ya fi mu ƙwanji. Akwai wata 'yar liba da ake dannawa ta buɗe bawul don injin ya yi sauƙin juyawa. A murza, a murza, in fulawil ya ɗauki gudu sai a saki libar. Karo na farko shiru. Na biyu ta yi atishawa ta fitar da farin hayaƙi. Na huɗu sai muka ji tum, tum, tum-tum-tum, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, kaji suka watse, wani baƙin gajimare na tsatsa da gidan zanzaro ya fito daga salansa. Kawu ya fito ba hula. Ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe tana da rai."

Hayaƙi ma magana yake yi, in ji Baba. Baƙi na nufin gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a duba matata ko a rage kaya. Mai shuɗi-shuɗi na nufin baƙin mai na ƙonewa. Fari kuma gas ne da bai ƙone ba, ko ruwa ya sami hanyar shiga.

Ba mu kaɗai ba ne

Da muka fara bincike a intanet don neman littafin injin, sai muka tarar akwai mutane a Amurka da Ingila da wannan ne abin shaƙatawarsu. A can akwai ƙananan tantan masu taya huɗu da aka ƙera don yankan ciyawa da aikin lambu, irin su Cub Cadet da ta fito a 1961 da John Deere 110 da ta fito a 1963. Mutum zai sayi wadda ta girmi babansa, ya kwance ta har ƙashi, ya yi mata fenti irin na asali, ya kai ta taro. Wasu ma gasa suke yi ta jan nauyi, a ga tantan ɗin wa za ta fi nisa. Su nishaɗi ne zalla. Mu ma da nishaɗin muka fara, amma a nan damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma wanda bai yi huɗa a kan lokaci ba shi da rumbunsa ne za su ji a jika.

Wani abin da ya ba mu dariya shi ne, manyan manoman Amurka na kishin abin da muke da shi. Sababbin tantan ɗinsu cike suke da kwamfuta, in ta tsaya sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa. Rigimar ta kai har jihar Kolorado ta yi doka a 2023 da ta ba manomi haƙƙin samun kayan aiki da bayanan gyaran injinsa. Wasunsu sun koma neman tantan ɗin shekarun 1970 da 1980, saboda ita ce za su iya gyarawa da sifana a gindin bishiya kamar mu.

Ƙasar da ta fi kama da mu ita ce Bangaladash. Bayan ambaliyar 1988 ta hallaka musu shanun noma da yawa, gwamnati ta sassauta dokar shigo da ƙananan injina daga Sin. Yau mafi yawan gonakinsu da irin Goggo ake kaftu, kuma makanikan ƙauye ne ke riƙe da su. Injin ɗaya zai yi kaftu, ya ja ruwa, ya yi sussuka, ya tuƙa kwalekwale.

Mu a nan an fi sa ido ga manyan tantan. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 har haɗa su ake yi a Arewa, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Mafi yawansu sun zama tarihi. Wadda ta ƙi mutuwa ita ce jar nan, Massey Ferguson. A hanyar Ajingi akwai wani dattijo mai ƙirar 135, irin da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, har yau tana jan taki da yashi. Injinta Perkins ne mai silinda uku, kuma kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da ƙera ƙanwarta, 240, da inji irin wannan, shi ya sa kayan gyaranta ba su yanke ba. Mun je mun gaishe shi, ya bar mu muka leƙa. Fenti ya tafi, kujera buhu ce, amma matatar iskarta fes. Da tsohuwar zuma ake magani, in an rufe tulun da kyau.

Ƙare-ƙaren da muka yi mata, da wanda ya ja mana

Goggo ta zo da wuƙaƙe masu juyawa da ke daddatsa ƙasa. A fadama, irin wadda ke bin kogin da ya ratso Wudil ya nufi Ringim, suna da amfani ƙwarai wajen gyaran ƙasar shinkafa. A jigawa kuwa mayar da ƙasa gari suke yi, iska ta zo ta kwashe. Manomin gero da gyaɗa kunya yake so. Sai yaron mai walda ya kawo shawara: me zai hana mu ɗaura mata garmar shanu? Muka samo tsohuwa wurin wani maƙeri, aka yanke doguwar sandar, aka yi mata mariƙi da ramuka uku don a iya ɗagawa ko a sauke. Gwajin farko garmar ta yi ta nutsewa, tayoyin na tono rami a wuri ɗaya. Muka gyara kusurwar, muka ɗaura wani tsohon ƙarfe a gaba don nauyi ya daidaita. A gwaji na uku ta fitar da kunya miƙaƙƙiya. Ba ta kai ta gwanin mai shanu kyau ba, kada mu yi ƙarya, amma ba ta gajiya da rana kuma ba ta cin harawa da rani.

Daga nan kai ya fara kumbura. Da kaka muka ce ai za ta iya sussuka. Muka aro injin sussuka da ba shi da inji, muka ɗaura bel daga fulin Goggo zuwa nasa. Fulin da muka samu a gareji muka sa, ba mu auna komai ba. Kawu ya ba mu waken da ya ware don iri, ya ce mu gwada da shi tunda kaɗan ne.

Cikin minti biyar muka mayar da rabinsa ɓarzajje.

Lissafin da ya kamata mu yi ɗan aji ɗaya ma zai iya. Faɗin fulin inji sau gudunsa daidai yake da faɗin ɗaya fulin sau nasa gudun. In fulin inji santimita 10 ne yana juyawa sau 2,000, ka haɗa shi da mai santimita 20, za ka sami 1,000. In kana son 500, sai ka nemo mai santimita 40. Mu ƙarami muka sa, gangar sussukar ta yi ta gudu fiye da kima, kuma wake ba gero ba ne, dukan kirki ɗaya ke raba shi biyu. Waken da ya fashe ba ya tsirowa. Ɗaliban jami'a biyu suna tsaye, ƙanwarmu ce ta ɗauko biro ta nuna mana kuskuren a bayan littafinta.

Kawu bai ɗaga murya ba, wanda ya fi zafi. Ya ɗebi waken a tafin hannu ya ce, "To, injiniyoyi, wannan sai ƙosai." Inna ta yi kwana uku tana yi mana ƙosai da alala, kowane loma da kunya muke haɗiye shi. An rubuta bashin a littafi: kwano shida na irin wake, za a biya daga asusu kafin shuka.

Akwai gyaran da muka ƙi yi. Wani ya ba mu shawarar mu taɓa gwamna don ta ƙara gudu. Gwamna a nan ba na gidan gwamnati ba ne, wata 'yar na'ura ce a cikin inji da ke rage gas in gudu ya yi yawa, ta ƙara in kaya sun yi nauyi. In aka ɗaure ta, injin na iya wuce gudun da aka ƙera shi da shi, kuma fulawil mai wannan nauyi in ya tarwatse babu katangar da za ta tare shi. Baba ya ce duk ranar da muka taɓa wurin kada mu sake zuwa garejinsa.

Wannan ɓangaren kada ku tsallake shi

Injin nan ba shi da imani. Bel da fuli ba sa bambance tsumma da hannu. Abu na farko da muka ƙera bayan ta tashi shi ne murfin bel, daga tsohuwar durom. Babu mai matsowa da babbar riga, ko hannun riga a sake, ko mayafi yana lilo. Ƙanwarmu kan sa hijabinta cikin rigar aiki ta ɗaure tsaf kafin ta zo kusa. Ba a gyara komai, ba a cire ciyawar da ta naɗe, sai an kashe inji ya tsaya cak.

Handul ana riƙe shi da babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsu, domin in injin ya mayar da bugu baya kada ya karya shi. Ba a gwada feshin nozul a tafin hannu, ƙarfinsa na iya huda fata ya shigar da gas cikin nama, kuma wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Ba a tayar da shi a cikin ɗaki ko rufaffen shago saboda hayaƙin. Ruwan tukunyar sama tafasasshe ne, yara su yi nisa. Man kwanon matatar iska kuma kada ya wuce layinsa, in ya yi yawa injin na iya zuƙe shi ya yi ta gudu ko an rufe gas.

Sai wani abu da ba za ka taɓa zato ba. Irin wannan tantan ba ta da sitiyari. A kowane hannu akwai liba, in ka matse ta dama tayar dama ta saki, sai ta hagu ta juyo da kai dama. Amma a gangara, musamman da kaya a baya, abin juyewa yake: tayar da ka saki ita ke ruga wa, sai tantan ta yi ɗaya gefen. Ɗan Ajinginmu ya gano haka a gangaren bakin titi, Allah Ya taƙaita ya ƙare a cikin sabara da ƙujewar gwiwa. Yanzu a gangara ba ma taɓa libar, da ƙarfin hannu muke karkata ta, a giya mafi ƙanƙanta.

In kuna sha'awa, ba sai kun sami tantan ba. A kusan kowace unguwa akwai mataccen injin ban ruwa ko ƙaramin janareto da aka jefa bayan ɗaki. Ku nemi izinin mai shi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sami babba ɗaya da ya san aikin wanda za ku riƙa kai wa tambaya, ku gaishe shi da ladabi ku share masa gareji in ta kama. Sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17, da sukundireba da filaya, sun isa farawa. Masu darasin aikin gona za su ga cewa babin kula da injinan gona da ake tambaya a WAEC da NECO shi ne dai wannan, sai dai a nan yana da wari da maiƙo. Mu dai Asabar da hutu kawai muke taɓa ta, ranar makaranta Goggo a rufe take da tamfol.

A daminar bana ta yi huɗa a gonar Kawu da ta mutum biyu daga cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar, waɗanda suka dawo suna tuna mana cewa ai da kuɗinsu a ciki. Ba mu yi musu ba. Sharaɗin kawai shi ne su kawo gas, a tace shi a gabanmu, ɗayanmu ne zai tuƙa, kuma a rubuta. Ɗaya ya ɗan ji haushin sa hannu a littafin yarinya, amma ya sa.

Littafin ya nuna awa 87 tun juyen baƙin mai na ƙarshe, mukan juye a 100. Giyar baya ta fara fita da kanta in an ɗora kaya, kuma har yau ba mu taɓa buɗe akwatin giya ba. Baba ya ce mu zo da gwangwanaye da yawa ranar Asabar, domin notocin ciki sun ninka na inji. Waken Kawu kuma saura kwano biyu.